Daga Gazali Zuwa Beljiyam: Ruhubanawa, Giyarsu, da Abin da Ya Shafe Mu

 

Ya 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi a Khartum da Umdurman da Bahri, da duk inda yaƙi ya watsa mu, ga dalilin wannan rubutu. Kwanakin baya wani yaronmu da neman abinci ya kai ƙasar Beljiyam ya aiko wa Baba, dattijon da nake riƙe wa alƙalami, hoton motoci jere a ƙofar wani gidan ibadar Nasara a cikin ƙauye. Ya ce ba addu'a ta kawo su ba, giya suka zo saye, kuma masu ibadar su ne masu dafa ta. Baba ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce da ni, "Malam, mutanen da suka ce sun guje wa duniya, yaya aka yi duniya ta biyo su har ƙofar gida? Ka bincika mana." Abin da na samo shi ne zan shimfiɗa muku a nan.

Tun kafin a yi nisa, giya haramun ce da nassi, babu mai jayayya a cikinmu a kan wannan. Sanin tarihin abu daban, halatta shi daban. Magabatanmu masu rubuta tarihi sun ba da labarin Fir'auna da Kisra ba don su bi su ba.

Ruhubananci, wato mutum ya bar aure da dukiya ya keɓe kansa domin ibada, mun san sunansa tun muna makarantar allo. Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Hadid, ya ambaci ruhubanawa a Ma'ida da Tauba, wani wuri da yabon rashin girman kansu, wani wuri da zargin waɗanda suka ci dukiyar mutane a cikinsu. Mun karanta labarin Bahira na Busra a littattafan sira. Mun kuma karanta wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, inda ya hana a taɓa waɗanda suka tsare kansu a ɗakunan ibada. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, wannan al'ada a bakin koginmu ta yi ƙarfi kafin ta haura Turai.

A Masar ne Anba Antoniyus, wanda ya rasu a shekarar 356 Miladiyya, ya shiga hamadar gabas ya zauna shi kaɗai, har mutane suka yi ta bin sawunsa. Gidan ruhubanawa mai sunansa, abin da Larabawa ke kira dairi, yana nan har yau kusa da Bahar Maliya. A wajen shekarar 320 kuma Anba Bakhum ya tara masu ibada a gida guda a Sa'idin Masar, ya kafa musu doka: lokacin addu'a, lokacin cin abinci, lokacin aiki. Aikin nasu kuwa tufkar igiya ne da saƙar tabarma da kwanduna na ganyen dabino, a kai kasuwa a sayar, a sayo gurasa. Tun daga tushe ke nan sharaɗin gidan shi ne ya ci guminsa. Maƙwabtanmu Ƙibɗawa na unguwar Masalma a Umdurman magada wannan tarihi ne.

Daga Masar al'adar ta gangaro ƙasar Nuba. Masarautun Nuba sun karɓi addinin Nasara a ƙarni na 6, ta ƙarshensu ita ce Alwa a shekarar 580, kuma babban birninta Soba ne, wannan Soba da ke gabas da Bahar Azrak, tafiyar kimanin kilomita 20 daga tsakiyar Khartum. A ƙarni na 10 Ibnu Sulaim al-Aswani, manzon Fatimiyyawa zuwa Nuba, ya rubuta bayanin ƙasar, Maƙrizi kuma ya adana mana shi a cikin Khiɗaɗ. Ya siffanta Soba da gine-gine masu kyau da lambuna da majami'u masu yawan zinariya, da unguwa guda ta Musulmi. Ya ce hatsinsu farar dawa ce, da ita suke gurasa, da ita kuma suke dafa giyarsu, wadda ya kira mizru. Wanda ya san marisa ya san jikanyarta. Masana sun ma gano a shekarar 1980 cewa ƙasusuwan mutanen da suka rayu kusa da Wadi Halfa tsakanin 350 da 550 suna ɗauke da alamar tetarasaikilin, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, kuma bincike na 2010 ya ƙarfafa cewa daga giyar hatsinsu suka same shi. A wancan zamani giyar hatsi abu ce mai kauri kamar kunu, talaka yana ɗaukarta rabin abinci.

Wanda yake son ganin yadda dairin Nuba yake, sai ya nufi Gazali, a cikin Wadi Abu Dom kusa da Marawi. An gina shi a wajen ƙarshen ƙarni na 7, aka zauna a cikinsa har ƙarni na 13. Bature Shinnie ya fara tona shi a shekarun 1950, masanan ƙasar Folan suka ci gaba daga 2012. Sun sami majami'u biyu, da ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci mai kujerun ƙasa a kewaye, da wurin niƙa, da wurin matse mai, a kusa da shi kuma da matoyar ƙarfe. Mutanen Gazali da hannu ɗaya suke riƙe da littafi, ɗayan yana kan dutsen niƙa. Yau kango ne. Fadar sarakunan Dungula ta zama masallaci a 1317, Soba ta faɗi a wajen 1500, har faɗuwarta ta zama karin magana a bakin mutanen Sudan, kuma a zamanin Turkiyya an kwashi jan tubalinta an yi gini da shi a Khartum.

Akwai kuma wata fuska ta dairi da littattafan adabin Larabci suka adana. Ibadar Nasara tana buƙatar ruwan inabi, saboda haka dairori da yawa sun mallaki gonakin inabi da wuraren matsa. A zamanin Abbasiyawa mawaƙa da 'yan fada masu sakaci da addini sukan fita daga Bagadaza su sauka a dairori domin sha. Shabushti, wanda ya rayu a ƙarni na 4 na Hijira, ya tattara labarin waɗannan wurare a Kitabud Diyarat. Ashe layin motocin da yaronmu ya gani yana da kaka: tun shekara dubu da suka wuce masu neman sha suke ƙwanƙwasa ƙofar masu neman kaɗaici.

Yanzu mu haura Turai. A wajen shekarar 530 wani rahibi mai suna Benedik ya rubuta dokar zaman dairi a Monte Kasino ta ƙasar Italiya, yana amfana da abin da ya iso gare shi na mutanen Masar. Dokarsa ta raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ta ɗauki zaman banza a matsayin maƙiyin rai, ta wajabta karɓar baƙo. Game da abin sha, shi kansa bai so ba, amma ya ga ba zai iya hana mutanensa ba, sai ya yanka musu mudu na kowace rana. Ya kuma yi umarni cewa duk abin da dairi zai sayar, a sayar da shi ƙasa kaɗan da farashin 'yan kasuwa, don kada kwaɗayi ya sami ƙofar shiga.

Da dokar ta isa ƙasashen arewa masu sanyi, inda inabi ba ya yi sai sha'ir da alkama, giyar hatsi ta maye gurbin ta inabi. Akwai wani tsohon zanen tsarin dairi da aka yi a wajen 820, yana ajiye a San Gal ta ƙasar Suwizalan, an nuna wuraren dafa giya har uku a cikinsa: ɗaya na ruhubanawa, ɗaya na manyan baƙi, ɗaya na matafiya da matalauta. Da yake su ne masu karatu da rubutu a zamaninsu, suna auna abu su rubuta, na baya ya gaji na gaba, sai sana'ar ta gyaru a hannunsu fiye da hannun kowa.

Waɗanda sunansu ya cika duniya yau su ne 'yan Tirafis, reshe mai tsanani da ya samo suna daga dairin La Trappe na Faransa, inda aka yi gyaran tsari a 1664: yawan shiru, ƙarancin abinci, tashi cikin dare, aikin gona. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya rufe dairori ya ƙwace dukiyarsu, ruhubanawa suka watse. Wasunsu suka kafa Westmalle a 1794, a ƙasar da ta zama Beljiyam daga baya, suka fara dafa giya a 1836. Dairin San Sikstus na Westvleteren, wanda aka kafa a 1831, ya biyo baya cikin 'yan shekaru. Chimay ta fara a 1862. Orval ta buɗe matoyarta a 1931 domin samun kuɗin sake gina dairin da aka rushe. Kowannensu buƙata ce ta kai shi, ta rufin ɗaki ko ta abincin 'yan'uwa.

Da sunan ya yi daraja, sai 'yan kasuwa suka fara manna hoton rahibi a kwalabensu. Ruhubanawa suka kai ƙara, wata kotu a birnin Gent ta ba su gaskiya a 1962. A 1997 dairori 8 suka kafa ƙungiya da tambari na musamman, suka gindaya sharuɗɗa uku. Na farko, a yi abin a cikin ganuwar dairi ko dab da ita. Na biyu, ya kasance ƙarƙashin kulawar ruhubanawa. Na uku, ribar ta tafi ga buƙatun gidan, abin da ya saura a ba mabukata. Ba wasa suke da sharuɗɗan ba: dairin Koningshoeven na Holand ya rasa tambarin daga 1999 zuwa 2005 saboda yarjejeniyar da ya ƙulla da wani babban kamfanin giya, sai da aka gyara ta aka mayar masa.

Labarin hoton da aka aiko wa Baba ya faro ne a 2005, lokacin da wani shafin intanet mai suna RateBeer ya ayyana giyar Westvleteren 12 a matsayin wadda ta fi kowace a duniya. Dare ɗaya ƙauyen ya cika da motoci, wayar dairin ta ƙi hutawa. Ɗan kasuwa da ya sami irin wannan rana, sai ya faɗaɗa matoya ya ninka farashi. Su kuwa suka ƙi. Suka ce abin da suke dafawa ya ishe su riƙe gidansu, ƙari a kansa zai ci lokacin addu'arsu. Suka ƙayyade akwatunan da mutum zai saya, suka sa mota ɗaya ba ta dawowa sai bayan kwana 60, suka ɗauki alkawarin mai saye cewa ba zai sayar wa wani ba. Shekaru da dama kwalbar ko takarda ba ta da ita a jiki. Da ginin dairin ya buƙaci gyara, suka fitar da kaya na musamman zuwa kasuwa a 2011 da 2012, har Amurka, da aka gama gini suka koma yadda suke. A 2018 wani babban kanti a Holand ya tara dubban kwalabe ta bayan fage ya sayar da kowace kusan Yuro 10, ninkin-ba-ninkin farashin dairi, ruhubanawan suka fito fili suka yi tir. A 2019 suka mayar da yin oda ta intanet, domin su toshe wa 'yan kayi-nayi hanya.

Ga amsar tambayar Baba ta farko: ƙin da suka yi shi ne ya ƙara jawo mutane. Duniyar da ta gaji da kayan masana'anta ta ga abin da mai shi ba ya roƙon a saya, sai ta amince da shi. Wasu dairorin ma sun shiga sana'ar saboda wannan kasuwa. Na Mount Saint Bernard a Ingila ya bar kiwon shanun madara da ya daina biyan kansa, ya fara dafa giya a 2018.

Amma labarin yana da ɗaya gefen, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Masu saye suna ƙaruwa, masu ibada suna ƙarewa. Samarin Turai ba sa shiga dairi, waɗanda ke ciki sun tsufa. A manyan matoyan, ma'aikata 'yan albashi ne ke aikin, ruhubanawa sai sa ido. A Achel ta Beljiyam ruhubanawan ƙarshe sun tashi a 2020, gidan ya rasa tambarinsa a 2021 alhali giyarsa tana da masu so. Na Spencer a Amurka ya rufe matoyarsa a 2022. Dairori 6 ne ke da tambarin giya a Beljiyam a da, yanzu saura 5. Kuɗi ya gyara rufi, bai haifi magaji ba. Gazali ma tana da dutsen niƙa da matsar mai, amma ranar da aka rasa masu zama sai rairayi ya gaje ta.

To, mu ina ruwanmu? Ta fuskar giya, ƙasar nan ta yi nata tarihin. Mahadi ya hana marisa da taba ya yi horo a kansu. Turawa suka zo, aka yi kamfanin giya a Bahri mai tambarin raƙumi. Ina yaro a watan Satumba na 1983 lokacin da Numeiri ya sa aka tuttular da kwalabe a cikin Nilu, kamfanin ya rufe. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba. Wannan duka bai canza hukuncinta a kanmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin kwalbar: gidan da aka kafa domin Allah, da me zai ci?

Mu ma muna da irin waɗannan gidaje, ko da yake addininmu bai san barin aure ba. Mutanen Sudan suna da masid da khalwa, irin ta Umm Dubban da Shaihu wad Badar ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19, mai wutar tuggaba da almajirai ke karatu a gefenta. Mu kuma kakanninmu sun zo da tsangaya a kan hanyar Hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa ta a Mai Wurno da garuruwan Bahar Azrak da Jazira da Gadarif, har Ishash Fallata. Tsangaya ta asali da gonarta take. Da damina almajirai su yi noma, da rani su yi ɗinkin hula da saƙa da rubutun Alƙur'ani. Ana ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa igiya yake tufkawa ya ci daga kuɗinta. Dubi ikon Allah, sana'ar da masu ibadar hamadar Masar suka riƙa ita ce Shehu ya riƙa a Degel.

Ni ne mai buɗe takardun da ke zuwa zauren Baba, kuma ina faɗa muku da baƙin ciki cewa tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mafi yawan wasiƙun makarantunmu na neman taimako ne: buhun dawa, kuɗin haya, tabarmi. Bayan yaƙi abin ya ninku, masu bayarwar kuwa su ma sun zama masu nema. Ba na zargin malaman, na san abin da suke haɗiyewa. Amma makarantar da ta dogara da aljihun attajiri ɗaya, ranar da ya yi hijira zuwa Bur Sudan ko Alƙahira ranar take mutuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma ba mu rasa abin yi na halal ba. Tsiron dawar da ake dafa marisa da shi, shi ne iyayenmu mata ke shanyawa a watan Sha'aban su niƙa, su haɗa da kayan ƙamshi, su toya hilu-mur da muke buɗe baki da shi. Hatsi ɗaya ne, hannu da niyya ne suka raba hanya. Agashe da godogodo, waɗanda duk Sudan ta san daga hannunmu suka fito, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, kowanne yana iya riƙe makaranta idan an tsara shi. Sunan Bahaushe a kan agashe ya riga ya zama tambari, sai dai ba mu taɓa zama mun tsare shi ba.

Idan za mu yi, sharuɗɗan nan uku na mutanen Beljiyam sun cancanci a duba su, domin hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa. A yi aikin a cikin gidan, inda yaro zai koyi sana'a ba tare da ya bar allonsa ba. Ya kasance a hannun mutanen gidan, da littafin shiga da fita wanda jama'a za su iya gani. Ribar ta tafi ga tukunyar almajirai da marayun unguwa. Sai in ƙara na huɗu, wanda Westvleteren ta riƙe: a san inda za a tsaya. Ranar da aka tashi yaro daga karatun asuba domin oda ta yi yawa, ranar makaranta ta zama masana'anta, almajiri ya zama lebura marar lada. Na biyar kuma shi ne darasin Achel da Gazali: kowane malami ya tambayi kansa wa yake shiryawa ya zauna a kan buzunsa. Idan 'ya'yanmu na cikinmu ba sa sha'awar zaman, to ko mun cika rumbu gidan ya kusa zama kango. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na karanta wa Baba wannan kafin in saka shi a shafi. Ya ce a sanar da malaman makarantunmu na Ingaz da Mayo da Umdurman cewa yana son zama da su bayan sallar Juma'a mai zuwa, kowa ya zo da lissafin almajiransa da sana'ar da aka iya a gidansa. Wanda yake nesa ya rubuto a ƙarƙashin wannan rubutu, zan kwafa in kai masa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya ciyar da mu halal. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.